Ko A Tatsuniya Asiri Ba Ya Zuwa Kyauta: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwar Djougou Da Parakou

Duk wanda ya saba cin kasuwar Djougou, ko kasuwar Arzeke da ke Parakou, ko Kasuwar Allah da ke yankin Ouaké kusa da iyakar Togo, ya san su. Wani zai shimfiɗa buhu a bakin tasha ya jera layu da guraye da kambuna da ƙulle-ƙullen garin magani. Wani kuwa ba ya zama a fili, sai dai yaransa su bi ka har rumfa su raɗa maka cewa wani bawan Allah ya sauka a unguwar Zango, in ya yi maka aiki kayanka ba za su ƙara kwana ba. A 'yan shekarun nan ma abin ya shiga waya: saƙon murya ne zai faɗo maka ta WhatsApp, ana yi maka alkawarin farin jinin kasuwa, ko rufe idon jami'an kwastan, ko ninka jari cikin kwana bakwai.

Ba mu ɗauko wannan magana don mu yi wa kowa dariya ba. Ɗan kasuwar kan iyaka mutum ne da ke kwana da fargaba: kuɗin sefa da naira suna hawa da sauka, shingayen hanya ba su ƙirguwa, ga 'yan fashi, ga masu cin bashi su ɓace. Wanda ke cikin irin wannan hali, ba abin mamaki ba ne ya nemi abin da zai jingina da shi. To sai dai akwai wata tambaya da ya kamata kowane mai jari ya yi kafin ya kwance bakin aljihu, irin tambayar da yake yi wa kowane dillali: nawa ne, da wane sharaɗi, kuma ina iyakar abin? Abin sha'awa shi ne, tsofaffin da suka yi mana tatsuniya muna yara sun riga sun ba da amsa.

Dokar da tatsuniya ba ta karyawa

Mai karatu ya tuna tatsuniyar Gizo da hankaki. Hankaki sun ara wa Gizo gashin fuka-fukansu ya tashi sama tare da su zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa. Da haɗama ta kama shi ya shiga hana masu abu cin ɓaurensu, sai kowa ya zare gashinsa suka bar shi a can. Wato ƙarfin da Gizo ya samu aro ne, mai abu kuwa yana iya karɓar kayansa duk sa'ad da ya so.

A tuna kuma Ta-Kitse, yarinyar da aka samu daga kitsen sa, kyakkyawa har sarki ya aure ta. Sharaɗinta guda ne, kada ta shiga rana kada ta kusanci wuta. Ranar da kishiyoyi suka tilasta mata aiki a cikin zafi, narkewa ta yi. Haka labarin 'yar bora da 'yar mowa yake tafiya kullum: wadda ta kiyaye abin da aka gindaya mata ta dawo da dukiya, wadda ta yi gaggawa ta tsallake sharaɗi ta dawo da masifa.

Marubutanmu na farko ma ba su kauce wa wannan doka ba. A littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ruwan da zai warkar da ɗan sarki yana nan, amma sai da Alhaji Imam ya bar gida shekara da shekaru, ya sha ɗauri da duka da yaudarar Malam Zurƙe kafin ya kai gare shi. A Dare Dubu Da Ɗaya, fitilar Alauddin tana yi wa duk wanda ya riƙe ta aiki ne, shi ya sa ranar da aka yi wa matarsa wayo aka karɓe ta, gidan sarauta da matar duk suka tafi. Ɗan'uwan Ali Baba kuwa kalma ɗaya ya manta a cikin kogo, ta ci ransa.

Har a ƙasashen Turawa haka abin yake. A littattafan Harry Potter, waɗanda aka fara bugawa a Ingila a 1997 kuma aka yi finafinansu, duniyar matsafa ce, amma duk da haka akwai banki a cikinta, akwai kantuna, akwai masu kuɗi da matalauta. Babu mai iya ta da matacce, babu mai ƙirƙiro abinci daga babu. Masu rubuta irin waɗannan labarai sun gano cewa in tsafi zai iya komai kuma a kyauta, to labari ya mutu, domin babu sauran abin da zai sa mai sauraro ya zauna. Fim ɗin nan na Living in Bondage da aka yi a Najeriya a 1992 ma a kan wannan aka gina shi: mutum ya ba da matarsa ya sami dukiya, fatalwarta ta hana shi sakat har ya zautu.

Saboda haka ko a duniyar da aka ƙaga da baki, inda mai ba da labari ke da ikon yin yadda ya ga dama, asiri yana da farashi, yana da sharaɗi, yana da inda yake tsayawa. Wanda ya zo rumfarka ya ce nasa ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan, ya fi mai tatsuniya ƙarya, don shi mai tatsuniya yakan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya.

Shanu arba'in na Dirki

Idan muka bar tatsuniya muka koma tarihi, littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu wanda sarakunan Haɓe na Kano suka ɗauka shi ne kariyar gari. Dirki ba ya tsare gari a banza, sai an yanka masa shanu. A zamanin Sarki Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, manyan gari suka nemi shanu 40 don Dirki. Sarki ya ƙi, ya sa samari suka sare shi da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Ba a daɗe ba mayaƙan jihadi suka kore shi daga birnin, a farkon ƙarni na 19.

Masu imani da Dirki za su ce ai ga shi nan, ya ƙi biya ya gani. Wasu kuma za su ce sarakunan Haɓe da ba su fasa komai ba su ma an kore su a Katsina da Zazzau a wannan zamanin. Ko wanne mutum ya ɗauka, ɗan kasuwa ya lura da lissafin: abin da aka ce yana kare ka, shi ke cin garkenka, kuma ranar da ka gaza biya sai a ce laifinka ne.

Abin da fataken Gwanja suka sani

Mutanen Djougou ba su bukatar a kai su nesa don ganin misali. Garin nan, wanda fatake ke kira Zugu, ya bunƙasa ne a kan hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafin rini da fatu a kan jakuna, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Parakou, ya ya da zango a unguwar Wangara ta Djougou, sannan ya nufi Salaga inda ake sayo goro. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kan kai rabin shekara ko fiye. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da ita.

Ko shakka babu madugai sun yi suna da asiri. Madugu kan sha layu da guraye, kuma ayari ba ya tashi sai da malaminsa, wanda ke duba ranar tashi yana yi wa tafiya addu'a. Sunayen magungunan har yau muna jin su: kau-da-bara don kibiya ko harsashi su kauce, sagau don hannun mai sara ya sage, baduhu da layar zana don a ɓace wa abokan gaba, shashatau don mai bin sawu ya shagala.

Amma a duba abin da waɗannan mutane suka yi a aikace. Ba su taɓa tafiya ɗaiɗai ba. Bature ɗan yawon bincike Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa daga Gwanja a Kaiama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000. Suna da jagaba da ke shiga gaba yana duba hanya da wurin sauka, suna da masu kwari da baka. A kowane gari na Bargu sai madugu ya je gaisuwa wurin sarki ya biya kuɗin hanya, a bakin kogi ya biya fito. Suna jiran damina ta wuce kafin su tashi. Goron kuma, duk 'yan kwanaki sai an kwance huhu an tsince wanda ya fara lalacewa, an yayyafa ruwa an sake ganye, domin sankara ba ta jin laya. In da baduhu yana ɓoye jakuna ɗari biyar, da babu madugun da zai ba sarkin Nikki ko wuri ɗaya. Duk da wannan shiri kuma, akwai ayarin da aka fasa aka kwashe, da layunsu da komai.

Bugu da ƙari, abin da ya kashe hanyar ba sammu ba ne. Yaƙin basasar Salaga na 1892, da iyakokin da Faransa da Jamus da Ingila suka shata, da jirgin ruwa da ya fara kai goro Legas, da jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, su ne suka karya ayari. Wanda ya fahimci haka da wuri shi ya tsira. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan gidan madugai da aka haifa a Bebeji a 1877, ya koma aika goro ta teku daga gaɓar Gwalkwas, ya kuma shiga sayen gyaɗa. Lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, an ce azurfar da ya kai ajiya kayan raƙumi 20 ce. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arzikin Afirka ta Yamma. Abin da tarihi ya riƙe game da shi shi ne tsimi da riƙon amana da sanin inda kasuwa ta dosa.

Sharaɗi, ƙofar gudun boka

Yanzu a dawo kan sharaɗi, domin a nan ne dabarar take. A tatsuniya, sharaɗi gwaji ne na halin mutum. A hannun ɗan damfara kuwa ƙofar gudu ce. Za a ce maka kada ka shiga bayan gida da layar, kada mace ta tsallake ta, kada ka ci abincin gidan mutuwa, kada ka ba da bashi ranar kaza, kada ka waiwaya, kuma uwa uba kada ka gaya wa kowa. A cikin sharuɗɗa goma, da wuya mai yawon kasuwa ya wuce wata guda bai karya ɗaya ba. Idan ciniki ya buɗe, aikin malam ne ya ci. Idan ya tsaya, kai ne ka ɓata, sai ka kawo kuɗin gyara. Ta kowace fuska shi bai faɗi ba. Sharaɗin ɓoye sirri kuwa amfaninsa guda ne, ya raba ka da ɗan'uwa ko maigidan da zai ce maka hattara.

A yi lissafi irin na rumfa. A ce mai sayar da atamfa yana da jarin jaka 500 na sefa. An fara da kuɗin turare da na duba, jaka 10. Sai baƙin bunsuru da farin zakara, jaka 40. Sai kuɗin mota zuwa wani ƙauye da kwana biyu rumfa a rufe. Bayan wata biyu an ce wani maƙwabci ya yi masa jifa, sai an karya, jaka 50. Kafin shekara ta zagayo kashi ɗaya cikin biyar na jarin ya tafi, ba a sayo ko turmi ɗaya da shi ba. Akwai kuma asarar da ba ta shiga littafi: ya daina gaisawa da maƙwabcin da a da yake tsare masa rumfa in ya tafi masallaci, ya fara zargin yaronsa, wani lokaci har matarsa. Kasuwar kan iyaka kuwa da yarda take tafiya, domin kaya na miliyoyi kan tashi daga Kwatano zuwa Malanville a kan kalmar baki. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa wane yana bin bokaye, masu ba shi kaya bashi sai su fara ja da baya.

Wani lokaci farashin rai ne. A 2001 kafofin labarai na duniya sun ɗauki labarin wani saurayi a arewacin Ghana da aka yi wa maganin bindiga, ya ce a gwada a kansa, harsashi ɗaya ya kashe shi. Irin wannan labari ya sha maimaituwa a Najeriya tun daga lokacin.

Tsohon asiri a sabuwar riga

Mafi tsadar asiri a tarihin Jamhuriyar Benin bai zo da laya ba, da ofis ya zo da takardar rasit. Kamfanin ICC Services da ire-irensa sun yi ta karɓar ajiyar jama'a suna alkawarin ribar da ta kai kashi 150 zuwa 200 cikin 100, shugabanninsa suna fakewa da addini da kyauta ga jama'a. Na farko sun sami kuɗinsu, domin da ajiyar na baya ake biyan su. A 2010 abin ya rushe da kuɗin da aka ƙiyasta sun haura sefa biliyan 150, na dubban 'yan kasuwa da ma'aikata da manoma. Ministan cikin gida ya rasa kujerarsa a kan lamarin, kuma a farkon 2019 kotun CRIET ta yanke wa manyan kamfanin ɗaurin shekara 10. Yawancin masu ajiya ba su ga cikakken kuɗinsu ba. A Najeriya ma MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, sannan CBEX ta maimaita irin wannan a Afrilun 2025.

Da mai ninka kuɗi a cikin ƙwarya da mai ninka su a cikin kwamfuta, sana'arsu guda ce. Dukansu suna sayar da riba marar farashi marar iyaka, abin da ko Gizo bai taɓa samu ba. Dukansu sukan fara da ɗanɗano: ka ba da jaka 5 a mayar maka da 10, don ka dawo da jarin gaba ɗaya, har da na aro. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ƙarshen wannan hanya ya fi muni. A 2018 hankalin jama'ar Benin ya tashi kan kashe-kashen da aka danganta da wani tsafi da ake kira kinninsi, wanda aka ce 'yan damfarar intanet, waɗanda ake kira gayman, suna ba shi jinin mutum don asirinsu ya ci. 'Yan sanda suka yi kame mai yawa a wannan shekarar. Wanda ya fara da zakara, in bai tsaya ba, wata rana abin da za a nema a wurinsa ba a kasuwar dabbobi ake sayar da shi ba.

Inda kowane asiri ke tsayawa

Manyan abubuwan da suka girgiza kasuwannin nan a zamaninmu, babu wanda laya ta tare. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, mai guru da marar guru duk suka wayi gari da rabin ƙarfin kuɗinsu a kan kayan waje. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020, masu shinkafa da masu gwanjo suka ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi dogon layi, kayan da ba su jure ajiya suka lalace a kansu. Waɗanda suka fi saurin farfaɗowa a irin waɗannan lokuta su ne masu ɗan abin da suka ajiye gefe, da masu sana'a fiye da ɗaya, da waɗanda sunansu ke da kyau har wani zai ɗaga su.

Ta fuskar doka, kundin hukunta laifuka na Benin na 2018 ya tanadi hukunci ga bokanci da tsafin da ke cutar da mutane ko dukiyarsu, a Najeriya kuma karɓar kuɗi da yaudara shi ne laifin nan da kowa ya sani da 419. Matsalar ita ce wanda aka cuta yakan ji kunyar kai ƙara, shi ya sa mutum ɗaya zai cinye rumfa goma a layi guda kowa ya yi gum. Ta fuskar addini kuwa, malamai a Djougou da Parakou, garuruwan da suka daɗe da karatu, sun sha bambanta addu'a da neman tsari daga Allah da zuwa wurin boka, suna kafa hujja da aya ta 102 ta Suratul Baƙara, wadda ta bayyana asarar mai sayen sihiri. Haka nan mai maganin gargajiya da ke ba da sassaƙe da saiwa don ciwon jiki, sana'arsa daban ce da ta mai alkawarin ninka kuɗi.

Saboda haka, ɗan'uwa ɗan kasuwa, in an sake zuwa rumfarka da irin wannan tayi, ka yi masa ciniki kamar yadda kake yi wa buhun masara. Ka tambayi jimlar kuɗin tun daga farko har ƙarshe. Ka tambayi wa zai ɗauki asara in aiki bai ci ba. Ka tambayi dalilin da ya sa ba a so maigidanka ko ɗan'uwanka ya ji. Sannan ka dubi mai tayin da kyau, ka tambayi kanka me ya hana shi ninka nasa kuɗin ya huta da yawon tasha. Kakanninmu da suka bi ta Zugu da jakunansu sun ɗaura layu, amma ba su taɓa barin laya ta yi musu lissafi ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana jari da mutunci.